Rigar Rago da Sulken Sa

Shekarar da aka turo ni koyarwa Batsari, rabin ajujuwan makarantarmu ba na karatu ba ne. Mutanen ƙauyuka ne a ciki, waɗanda 'yan bindiga suka taso daga gidajensu. Kowane aji iyali huɗu ko biyar, an raba tsakani da zannuwa da buhuna. Mu malamai muka koma gindin itacen bedi da allonmu, muna koyar da yaran gari da na baƙin a haɗe.

Sunana Abdulkahar, Hausa nake koyarwa a aji biyar. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne shirun yaran baƙin. Ka yi tambaya su sunkuyar da kai, babur ya wuce da ƙarfi su zabura. Na gwada waƙa, na gwada gasar karatu, duk a banza. Sai na zauna na rubuta ɗan wasan kwaikwayo a kan wani gari na dabbobi masu tafiya da ƙafa biyu, suna magana, suna sa tufafi kamar mutane. Kuraye suka tare masu rijiya, sai Sa ya tara Rago da Jaki da Beguwa da Zabuwa suka fita ƙwato ta. Na yi tunanin yaron da ba ya iya magana da bakinsa wataƙila ya iya da bakin rago.

Na yanka ƙahonni da kunnuwa da kwali, na ɗinka wutsiyoyi da igiyar rama, tufafi kuwa na aro. Ranar gwajin farko muka zo wurin da labari ke iske Rago a gida, ya zari rigarsa ya sa ya fito. Yaron da ya fito a Rago ya zura kai, ƙahonnin suka maƙale a wuyan rigar. Ya ja, ta ƙi. Ya sake ja da ƙarfi, sai ji muka yi ɓarr, rigar ta yage har ƙirji, ƙaho ɗaya ya faɗo ƙasa.

Daga barandar aji uku wata mata ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

Inna Shafa'atu ce, mutuniyar Wagini, tela. Za ta yi shekara arba'in da biyar. Ranar da suka gudo ta kwance kan kekenta na ɗinki ta ɗora a ka, ta bar ƙafafun a ɗaki, don haka a barandar nan da hannu take juya shi, ta aza shi bisa wani benci da ya karye. A gefenta, kan tabarma, kullum mijinta Baba Badaru na zaune ya jingina da bango. Manomi ne. An kore masa shanun huɗarsa biyu a daren da aka shiga garinsu. Wata uku ina gaishe shi safe da yamma, ban taɓa jin ya wuce "lafiya lau" ba.

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe su. Ta amsa tana goge hawayen dariya da bakin mayafi.

"Malam, wa ya ɗinka ma ragon nan riga?"

"Ta aro ce, Inna. Tawa ce ma."

"Ai na gani. Riga ce ta mai kai sumul. Rago kuwa ƙahonsa ya fi kafaɗarsa faɗi, ta ina za ta shiga?"

Na ce ai da sauƙi, sai ya fara sa rigar a ɓoye, daga baya a ɗaura masa ƙahon.

Ta dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Ka taɓa ganin ragon da ke cire ƙaho ya rataye a ƙusa in zai sa kaya? In ka ce ma yara dabba ce, to ka bar ta dabba. Yaran nan a cikin tumaki suka tashi, ba za ka ruɗe su ba. Miƙo mani rigar."

Na miƙa. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta ƙarasa yaga ta, amma ta bi kafaɗa maimakon ƙirji, tun daga wuya har bakin hannu. Ta ce rigar rago ba ta kai ake sa ta ba, ta gefe ake shiga, a yafa ta a rufe kafaɗar. Kafin la'asar ta jera maɓallai shida a kafaɗar hagu. Yaron ya shiga ya fita sau uku, ƙahon bai ko taɓa yadin ba. Na yi godiya, na ɗauka an gama.

Washegari da safe na iske ta tana farke maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, Inna?"

"Ina fa lafiya. Ni ma na yi irin kuskurenka. Kofato ba ya ɓalla maɓalli. Da wane yatsa zai kama?"

Ta sa aka fere mata gajerun itatuwa kamar ɗan yatsa, ta ɗinka masu manyan madaukai na igiya, ta bar wata doguwar igiya tana reto daidai inda baki zai kai. Rago ya tura itacen da kofato, ya ja igiyar da haƙori, riga ta rufe. Don kada a yi mata wayo, ta ɗinka wa yaran safar hannu mai tsaga biyu irin ta kofato, ta ce duk wanda ya cire don ya ɗaura wani abu ba rago ba ne, ya koma aji.

Daga ranar aikin ya bar hannuna. Ba mu da yadi, don a shekarun nan ko abinci sai an yi da gaske. Mata suka riƙa kawo mata abin da suka samu: tsohon labule, buhun da aka kawo tallafi a ciki, zanin da ya mutu a tsakiya amma gefensa da sauran rai. Ita kuma ba ta yanka komai sai ta yi tambaya. Wata rana ta bar keke ta je bakin kasuwa ta tsaya tana kallon jakunan masu itace har rana ta take. Da ta dawo ta ce hular da na zana wa Jaki ba za ta yiwu ba.

"Kunnen jaki ba ado ba ne, Malam. Ɗaya na gaba, ɗaya na baya, duk yana juya su. Ka danne su da hula ka kurumtar da shi."

Ta tsaga hular gida biyu, ta naɗe bakin tsagar da laushin ƙyalle don kada ta goge gindin kunnen. Wandunan kuwa duk ta buɗe su ta baya, ta yi wa kowane ɗan murfi a saman wutsiya don sutura, amma ta bar wutsiyar a sake, wai da me za a kori ƙuda. Beguwa ce ta fi wahalar da ita. Mun yi ƙayoyin da tsinken tsintsiya, duk abin da aka yafa a kai sai ya soke. Kwana biyu tana juya maganar. A ƙarshe ta ce mu ne muke neman abin da ba a buƙata: bayan beguwa a rufe yake tun daga halitta. Ta yi mata riga ta gaba kaɗai, mai igiyoyi sirara da ke bi ta tsakanin ƙayoyin, daga sama zuwa ƙasa, yadda ƙayar ke kwance.

Yaran da ba sa magana suka fara gardama da ita. Wata yarinya ta ce zabuwa ba ta son abu a fiffikenta, tasu ta gida ko igiya aka ɗaura mata sai ta yini tana fizga. Inna Shafa'atu ta ajiye almakashi ta saurare ta kamar babbar mace, sannan ta cire hannun rigar gaba ɗaya.

Saura kayan yaƙi. Wannan na ce nawa ne, don na ga hotuna a littattafai. Na yi wa Sa kwalkwali na kwali mai rufe goshi har hanci, da faranti mai faɗi a ƙirji. Haliru, yaron da ya fi kowa tsawo a ajin, shi ne Sa. Muka yi masa tozo da tsumma, ya saka kayan ya zo gaban baranda yana taƙama.

"Wannan san naku ba zai kai azahar ba."

Sai da na waiwaya don in ga mai maganar. Baba Badaru ne. Bai motsa daga bangon ba, amma idonsa na kan Haliru. Hannun Inna Shafa'atu ya tsaya a kan keke.

Na ce, "Baba, ina kuskuren yake?"

Can ya ce, "Me kuka rufe mashi goshi don shi? Goshin sa ƙashi ne zalla. Biyu su haɗu su yini suna karo, ba abin da ke samun su. Kun ba shi garkuwa inda yake da ita, kun bar shi tsirara inda ake kashe shi. Kura ba ta zuwa ta gaba. Ta baya take zagayowa, ta kama agara, jijiyar nan ta bayan ƙafa. In ta tsinke ta, ya zauna, shi ke nan."

Ya yafito Haliru da hannu. Yaron ya matso.

"Kuma kun miƙar da shi tsaye kamar mutum. To cikin da Allah ya ɓoye mashi a ƙasa, tsakanin ƙafafu huɗu, kun juyo da shi gaba kowa na gani. Nan ne za a rufe, daga haƙarƙari har mara. Da maƙoshi."

Baba Badaru ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin tsawonsa ba sai ranar. Ya cire farantin ƙirjin, ya duba igiyar da na ratayo ta bisa tozon, ya girgiza kai. Ya ce ba a aza nauyi a kan tozo, kitse ne, zai yi gyambo. Ya ɗora tafin hannunsa a wuyan yaron, gaban tozon kaɗan.

"Nan nauyi ke zama. Nan ne itacen garma ke kwanciya. Jan san nan nawa, in na aza mashi, da kansa yake..."

Bai ƙarasa ba. Hannun ya daɗe a wurin. Inna Shafa'atu ta sunkuya tana neman zare a cikin kwano, zaren kuwa yana hannunta.

Da yamma na gan shi a juji bayan kasuwa yana tsintar gwangwanayen tumatir. Kwana shida ya yi a kansu. Ya yanke su, ya daddale su da dutse, ya naɗe bakin kowane don kada ya yanki yaro, ya huda da ƙusa, ya jera su suna hawan juna kamar ɓawon kifi bisa tsohuwar robar taya. Ya ce ƙarfe ba ya zama kai tsaye a kan gashi, rana za ta gasa dabbar, kuma gashin zai riƙa shiga tsakani yana tsigewa. Sai an sa tabarma a ƙasa, iska ta samu hanya. Matarsa ce ke ɗinka shafin ciki, a nan kuma suka fara faɗa.

"Maigida, wannan ya yi nauyi. Yaro ne fa zai ɗauka."

"Sa ne zai ɗauka."

"Sa mai shekara goma sha biyu, wanda bai karya da komai ba sai koko?"

"To a rage na ƙirji. Na agara ba a taɓa shi."

"Na agarar ma ka yi shi kamar turmi. In ya durƙusa ta ina zai lanƙwashe?"

Ya ɗauki abin ya jujjuya, ya ga gaskiyarta, bai ce ta yi gaskiya ba. Ya dai raba shi gida biyu ya haɗa da roba a tsakiya. Matan ajin suna leƙe ta taga suna murmushi. Ɗaya ta raɗa mani cewa rabon da a ji muryarsu tare haka tun suna Wagini.

Kuraye kuwa, ni tsummoki na tanadar masu. Azzalumai ne, na ce, su fito a wulaƙance. Baba Badaru bai yarda ba.

"Malam, waɗanda suka shigo mana ba da tsumma suka zo ba. In ka yi ma kura kayan banza, yara za su ce to me ya kori iyayenmu? Yi mata na ƙwarai. In an kore ta a san an kori wani abu."

Shi ya yi nasu. Ya ce bayan kura a zube yake, kafaɗa sama, ƙugu ƙasa, duk abin da aka aza zai zame ta baya, don haka daga wuya ya rataye sulken. Kwalkwalin ya bar shi a buɗe daga ƙasa, don makamin kura bakinta ne, ba za ta yarda a ɗaure mata muƙamuƙi ba. Da yara ukun da suka fito a kuraye suka saka suka tsaya, ni kaina sai da gabana ya faɗi.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka yi wasan a filin makaranta. Hedimasta Malam Rabe ya sa aka fito da bencina, amma mutane sun fi su yawa, har kan katanga. An yi dariya da Rago ya ja igiyar rigarsa da haƙori, an yi dariya da Jaki ya shigo kunnuwansa na rawa ta cikin hula. Da kuraye suka ɓullo ta bayan aji shida, filin ya yi tsit. Wata mata ta ja ɗanta ta fita tana share ido. Na ji tsoron ko na yi ɓarna.

Aka gwabza. Makaman karan dawa ne. Babbar kura ta yi kamar za ta zo ta gaba, sai ta zame ta zagaya bayan Sa ta kai masa sara a agara. Gwangwanin ya yi ƙara, ƙwal, har bakin ƙofar makaranta aka ji. Sa bai faɗi ba. Ya juyo ya sunkuyar da goshinsa, wanda ba komai a kansa, ya tura ta har ƙasa.

Maza suka yi ihu gaba ɗaya. Kafin in ankara wani tsoho ya tashi daga cikin taron ya shigo tsakiyar fili da sandarsa. Mani sunansa, daga wajen Babban Duhu ya gudo, makiyayi ne tun yana yaro. Ya ɗaga hannu ya tsayar da yaƙin kamar wanda ke tsayar da mota. Ya durƙusa ya shafa sulken ƙafar, ya tashi ya zura yatsa ƙarƙashin na wuya, ya zagaya ya duba tozon ya ga ba abin da ya danne shi.

"Wa ya yi wannan?"

Aka nuna masa baranda.

"To wallahi ya san shanu. Wannan ya yi kiwo da hannunsa, ba labari aka ba shi ba."

Baba Badaru ya sunkuyar da kai. Wasu dattawan suka shigo su ma, kowa na taɓawa yana faɗin nasa. Wani ya ce da an ƙara wa Jaki wani abu a gadon baya, wani ya ce a'a. Mata suka kewaye Beguwa suna duba yadda igiyoyin suka bi. Ina ta roƙo a koma a zauna, ba mai ji na. Haka aka kira magariba ba mu kai wurin da ake ƙwato rijiyar ba. Yaran ba su damu ba. Har aka watse suna ta surutu, kowa na ba da labarin abin da ya yi.

Bayan kwana biyu Malam Mani ya jawo jakinsa har baranda, bayansa ya yi gyambo saboda ɗaukar itace. Baba Badaru ya yi masa matashi mai rami a tsakiya, yadda kaya ba zai taɓa ciwon ba. Masu jakuna suka ji, suka fara zuwa. Ya bar jikin bango ya koma gindin bedi da allurar buhu, yana aiki yana yi wa masu dabbobin faɗa a kan yadda suke lodi.

A makon ne kuma wata mata ta zo wurin Inna Shafa'atu, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Mijinta an harbe shi a kafaɗa, hannun ya sandare, ba ya ɗaguwa, yatsun ma ba sa kamawa. Kullum ita ke sa masa riga, shi kuma abin na ci masa rai har ya daina fita.

"Irin ta ragon nan nake so, in ba za a yi mana dariya ba."

Inna Shafa'atu ta ce, "Wa zai sani? Kawo yadin."

Ta yi ta da farin yadi, ta ɓoye madaukan a ƙarƙashin wani ninki, sai ka matso sosai za ka gane ba riga ce irin ta kowa ba. Ranar Juma'a na ga mutumin a sahun gaba a masallaci. Ya zo da kansa.

Da damina ta faɗi aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi, Inna Shafa'atu da Baba Badaru suka koma Wagini su gwada shuka, da jakin aro maimakon shanu. Ba a daɗe ba ni ma aka mayar da ni Safana. Na tafi da kayan wasan a buhu biyu, muka yi shi a sabuwar makarantar, wannan karon har ƙarshe. Yaran can suka ce sai an yi sabon wasa, kuma lallai a sa jemage a ciki, shi ne zai zama mai leƙen asiri.

Na kira lambar wani mai shago a Wagini, na roƙa a kai wa Inna Shafa'atu wayar. Muka gaisa, na tambayi Baba da gona, ta ce gero ya yi kyau sai dai ba a zuwa gonakin nesa. Sannan na faɗa mata.

"Jemage? Wanda ke kwana kai ƙasa?"

"Shi fa, Inna."

"To ai in ya rataya rigar za ta zubo ta rufe mashi fuska. Kuma fiffikensa a haɗe yake da ƙafa, ba wurin da ɗinkin gefe zai bi." Ina jin kukan awaki ta bayanta. "Kada ka yanka komai. Ba ni zuwa ranar kasuwa."

Ranar kasuwar ina cikin aji wayar ta yi ƙara. Ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Malam, kana da abin rubutu? Ƙyalle biyu ne dogaye, ɗaya gaba ɗaya baya, ba hannu, ba gefe. Ka haɗa su a wuya, ka haɗa su a tsakanin ƙafafu. Ko ya juya ba inda za su. Aljihun kuma ka yi mashi murfi, in ba haka ba duk abin da ya sa zai zube. Maigida ya ce kada ka kuskura ka sa mashi ƙarfe ko ɗaya."

Na ce yaran su yi shiru, na juya bayan rajista na fara rubutawa.